Daɓen Inna

Shekara goma sha ɗaya na yi ina shiga gidana ina fita, amma ban taɓa tsayawa na ƙare wa tsakar gidan kallo ba sai ranar da uwargida ta tilasta mini. Duk wanda ya san zaman magidanci a ƙasar nan ba zai yi mamakin haka ba. Da asuba ka fita masallaci cikin duhu, ka dawo ka yi shirin makaranta a gurguje, da yamma ka sauya riga ka nufi majalisa, ba za ka sake shigowa ba sai bayan lisha. A wurinmu maza tsakar gida hanya ce kawai daga zaure zuwa ɗaki. A wurin mata kuwa ita ce gidan ɗungurungum. Nan ake girki da wanki da daka, nan ake tsifa da kitso, nan ake karɓar baƙi, nan ake taron suna, nan kuma ake zaman makoki.

A cikin azumin shekarar 2024 ne abin ya faru. Mun sha ruwa ke nan, ina zaune a kan buzu ina jiran kunu ya huce, sai na shaida mata cewa magabatan yaron da ke neman 'yarmu ta fari sun aiko, za a kawo lefe mako uku bayan ƙaramar salla. Na zaci za ta yi guɗa. Sai ta ajiye ludayi, ta miƙa hannu ta nuna gabanta, ta ce, "Malam, a nan za mu shimfiɗa wa mutane tabarma?"

Na bi hannun da kallo. Wallahi kai ka ce gidan wani aka kai ni. A tsakiya ga wani kwari da ruwan wanke-wanke ya mayar gidansa, gefensa ya yi gansakuka. Ga tarin bulo goma sha biyu da na ajiye tun zamanin da nake mafarkin ƙara ɗaki, kaji sun mayar da shi wurin kwana. Katangar gabas ta yi baƙi da hayaƙin murhu har kusan tsayin mutum. Igiyar shanya ta ratsa ta tsakiya, dole mai shigowa ya sunkuya. Rumfar da Inna ke hutawa a ƙarƙashinta ta karkace, zanarta ta zube, rana na leƙowa ta ko'ina. Dangin yaron kuwa 'yan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma kowa ya san matan da ke kawo lefe ba akwati kaɗai suke kawowa ba, har da idanu.

Washegari na kira wani mai shimfiɗa intalok ya auna. Tsakar gidan ba wata babba ba ce, ƙafa 24 ce a tsaye, 18 a kwance, irin ta gidajen awon igiya da ke bayan birnin Kano. Ya danna wayarsa, ya ɗaga kai sama, ya ce da kaya da aiki da fentin katanga zan kawo naira 480,000. Ban zarge shi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 komai ya tashi, kuma a farkon 2024 buhun siminti sai da ya haura naira 10,000. Amma kuɗin da ya faɗa ya ɗara albashina na wata uku, ga shi na riga na ci bashin ƙungiyar taimakon kai da kai ta malamai don gado da katifa da kujeru, kayan kicin ma ba a kammala ba. Idan na ƙara wani bashin, to ƙannenta huɗu ne za su biya shi da kuɗin makarantarsu da abincinsu. Duk da haka na karɓo takardar neman rancen, na cike ta, na sa a aljihun babbar rigata. Kwana huɗu tana nan ina jin motsinta.

A nan ina son in ɗan yi wa 'yan'uwana marubuta tsegumi, ni ma kuma ina ciki. Ka ɗauki littattafanmu na hikaya goma, ka duba gidajen da muke kai jarumanmu. Maigadi ya wangale ƙofa, mota ta sulala a kan intalok, ga furanni hagu da dama, ga ciyawa shar kamar an shimfiɗa darduma. Idan kuwa muka shiga gidan talaka, to layi biyu ne: gida ne na ƙasa, duk ya rushe, akuya na kuka. Kamar babu wani gida a tsakanin waɗannan biyun, kamar mai ƙaramin ƙarfi ba shi da idon da ya san kyau. Matanmu da 'ya'yanmu su ne masu karanta mu. Na daɗe ina ganin wannan ba komai ba ne, sai ranar da na ga fuskar 'yata tana kallon tsakar gidan ubanta.

Inna ce ta warware zancen, ba tare da an nemi shawararta ba. Tun rasuwar Baba take zaune tare da mu, kuma duk da ta ce kunnenta ya yi nauyi, ba abin da ake faɗa a gidan nan da ke wuce ta. Ta kira ni da hantsi ta ce, "Auta, ɗakin da aka haife ka, da siminti aka yi shi?" Na ce a'a. Ta ce, "To wa ya taɓa shiga ya raina shi?"

Nan take ɗakin ya dawo mini. Daɓe ne ja mai duhu, sumul, yana ɗaukar ido idan hasken fitilar ƙwai ya sauka a kansa. Lokacin bazara mukan kwanta a kai ba tabarma saboda sanyinsa. Ko allura ce ta faɗi sai ka gan ta. Na tuna duk wannan, amma abin da ya fara zuwa zuciyata, ba zan ɓoye ba, kunya ce. Daɓe a cikin birni, a wannan zamani, a gidan malamin sakandare? Abin dariyar shi ne, sau nawa na kwashi ɗalibai zuwa Gidan Makama ina nuna musu ginin gargajiya da zanen bango, ina yi musu lacca a kan hikimar kakanninmu, amma ban taɓa kawo wa raina cewa hikimar za ta iya bina gida ba. A wurina abin gidan tarihi ne.

Uwargida ba ta ce uffan ba a gaban Inna, don ba a musu da suruka. Sai da dare ta same ni. Ta ce, "Malam, kai za ka zauna a zaure ranar, ni zan tsaya a gabansu. So kake a koma ana cewa a kan daɓen ƙauye aka karɓi lefen 'yarka? Kuma in damina ta zo fa? Inna ɗaki take magana, ni tsakar gida nake magana." Na rasa amsa, domin ta fi ni gaskiya a wuri biyu. Ita za ta sha kallon, kuma daɓe ba ya jure dukan ruwan sama kai tsaye. Muka yi ta ja har aka fara kiran sahur. A ƙarshe muka raba tsakar gidan uku. Wurin wanke-wanke da gindin randa, inda ruwa ba ya yankewa, za a yi masa siminti. Ƙarƙashin rumfa, inda za a zauna, Inna ta yi daɓenta. Filin tsakiya a cike shi da birji a daddanne, a zuba tsakuwa. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗin idan abin ya fito da muni zan miƙa takardar rancen ko da saura kwana uku. Na ce na ji.

Aikin farko ba na ado ba ne, kuma shi ya fi ba ni kunya. Labarin ƙasa nake koyarwa. Shekara ashirin ina zana wa yara yadda ruwa ke bin gangare a kan allo, ina ba su sifili idan suka kasa bayanin zaizayar ƙasa, alhali ga kududdufi a gidana ban taɓa tambayar dalilinsa ba. Wani maƙwabcina birkila ne ya zo da siririn tiyo mai haske, ya cika shi da ruwa, ya ba ni baki ɗaya ya riƙe ɗaya. Ruwa a cikin tiyo yana tsayawa daidai a bakin nan biyu, don haka da shi ake gane inda ya fi tudu. Muka auna, sai ga shi bakin rariyar ya fi tsakiyar gidan tudu da inci uku. Shekara da shekaru ana zuba shara da toka a wajen, ƙasa ta taru, ruwa ya rasa mafita. Ya ce mini in sa gangare ya riƙa sauka kamar inci ɗaya a kowace ƙafa huɗu zuwa bakin rariya, in na yi haka ko ban sa komai ba gidan ya gyaru rabi. Ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ce ɗansa na ajina.

Da aka ba da hutu bayan salla, ni da yarana maza biyu muka ɗauki diga da shebur. Birji baro talatin muka samo daga wani gida da ake haƙa masai a layinmu, mai gidan ma godiya ya yi mana da muka kwashe masa. Bulon nan goma sha biyu da suka zame mini abin gori, muka jera su a jikin katangar yamma, muka cike cikinsu, muka shafe, suka zama dakali. Igiyar shanya ta koma lungun bayan ɗaki, inda ya kamata a ce tana can tun farko. Murhu muka matsar da shi kusurwa muka kare shi da guntun kwano. Kaji aka yi musu akurki, suka yi kwana biyu suna zanga-zanga.

Sai na hau a-daidaita-sahu na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa. Masu sayar da tayil suna da fasassu da ragowar da ba ta kai a shimfiɗa ɗaki ba, suna sayarwa a buhu da araha. Na sayi buhu huɗu. Shawarata ga wanda zai yi irin wannan, kada ya karɓi buhu a ɗaure. Ya zauna ya tsinta da hannunsa, ya tsaya a kan launi biyu ko uku. Ni fari da ruwan ƙasa na zaɓa, da ɗan shuɗi kaɗan na yin gefe. Na ga gidajen da aka zuba kowane launi, wurin ya koma kamar an zubar da kwandon alewa. Kuma a guji mai santsi sosai a inda ake wanka da yara ko alwala, musamman gidan da ke da tsohuwa. Siminti buhu uku ya ishe mu wurin wanke-wanken da dakalin. 'Yata ce ta jera fasassun da kanta, tana durƙushe tun safe har la'asar, tana juya kowane guntu sai ya sami abokin zamansa. Ban taɓa sanin tana da wannan haƙurin ba.

Rumfa ba ta ci kuɗi ba. Ginshiƙan suna da ƙwari, miƙe su kawai muka yi, muka sa sabuwar zana biyu a sama, muka ɗora tsofaffin kwanuka uku a kai yadda ruwa zai zuba waje, muka rataya asabari ta ɓangaren da rana ke faɗuwa.

Daɓen kuwa Inna ta ce ba ruwan namiji. Ta aika ƙauye aka kawo mata makuba buhu biyu, wato ɓawon ɗorawa da ake ajiyewa bayan an cire gari da kalwa. Ta sa aka daddaka, aka jiƙa a tsohuwar randa kwana biyu har ruwan ya yi baƙi-baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta. Ta sa masassaƙi ya yi mata madaɓai shida. Matsalar ita ce masu riƙe su. Matan layinmu masu shekara talatin da arba'in, wasu ba su taɓa ganin madaɓi ba. Amma da labari ya zaga, sai ga tsofaffi uku sun fito daga gidajen da ban san akwai tsofaffi a ciki ba, ɗaya har da sandarta. Suka tankaɗe birji, suka baza shi kamar kaurin tafin hannu, suka yayyafa ruwa, suka jera yaran mata a gaba suna nuna musu yadda ake sauke madaɓi a kwance, ba da baki ba, kuma a tare.

Ni an kore ni zaure. Daga can nake jin dukan, tim, tim, tim, har cikin ƙirjina. Can sai muryar Inna ta tashi da waƙar daɓe, sauran suna amsawa. Rabon da in ji wannan murya a sama haka tun ina ɗan firamare. Na ajiye jan biron da nake duba takardun jarrabawa da shi, na zauna kawai. Da na leƙa ta labule, sai na ga uwargida ta ɗaure ɗankwali a ƙugu tana tsakiyar layi, ita da ta ce daɓen ƙauye. Inna na tsokanar jikarta tana cewa, "Kishiya, buga da ƙarfi, in kin tafi ai miji ya zama nawa ni kaɗai."

Kwana uku ana yi. A buga, a bar shi ya sha iska, a yayyafa ruwan makuba, a sake bugawa, duk inda ya tsage a bi shi a rufe. Wani abokin aikina mai koyar da kimiyyar sinadarai ya ce mini abin da ke cikin makuba dangin wanda ke cikin bagaruwa ne da majema ke jeme fata da ita, shi ke kama ƙasar ya sa ta yi tauri ta rage shan ruwa. Da na kai wa Inna wannan bayani sai ta ce, "To, Allah ya ƙara ilimi," ta ci gaba da jan carbinta.

A daren kwana na biyu ne na tafka wautar da har yau ake yi mini dariya a kanta. Zuciyata ba ta gama yarda da ƙasa da ruwan ɓawo ba. Da kowa ya kwanta, na ɗebi ragowar siminti rabin kwano na barbaɗa a kusurwar da ke kusa da dakali, na shafe da hannu, wai in ƙara wa aikin ƙarfi. Da gari ya waye wurin ya yi fari-fari kamar mai ƙyasbi, da aka sauke madaɓi sai ya riƙa ɓarewa kamar ƙanzo. Inna ta duba, ta taɓa, ta shinshina yatsanta. Ba ta tambayi kowa ba, ta ɗaga murya ta ce, "A kira mini Auta." A gaban tsofaffin nan da matan maƙwabta ta miƙa mini fartanya, na kankare kusurwar da hannuna, ina da shekara arba'in da bakwai.

Katanga farar ƙasa muka shafa mata, an jiƙa ta kwana ɗaya, an zuba gishiri don kada ta riƙa bin rigar mutane, da ɗan bula don farin ya fito. Daga ƙasa zuwa gwiwa Inna ta sa aka bi da ragowar ruwan makuba da jar ƙasa, saboda nan ne hannun yara da fantsamar ruwa ke ɓatawa. Ɗana na biyu, wanda kullum nake faɗa da shi a kan zane-zane a bayan littafin lissafi, ya roƙi a bar masa saman ƙofar zaure. Da ragowar kwaɓin siminti ya fitar da dagi guda ɗaya. Ya ɗan karkace ta hagu, amma na hana a gyara.

Shuka ba mu sayi ko ɗaya ba. Wani ya ba ni shawarar tsofaffin tayoyin mota a yi musu fenti, na ƙi, don na san gidan sauro ne da damina. Randuna biyu da suka tsage da wani tulu mai fasasshen baki muka cika da ƙasa da takin akuya. Uwargida ta samo na'ana'a da ɗoɗɗoya daga gidan yayarta, aka dasa lalle a gindin katanga, aka kafa reshen zogale biyu a bayan dakali. Na so in sa darbejiya saboda inuwa, birkilan nan ya ce saiwarta za ta tsaga mini katanga kafin in aurar da auta. Fitilar sola guda ɗaya na saya na rataya a ginshiƙin rumfa. Da na tattara lissafi a bayan rajistar aji, duk abin da ya fita daga aljihuna bai kai naira 110,000 ba, kuma kaso mai tsoka a ciki shinkafa da wake ne da goron masu daɓe.

Ranar lefe ina zaure tare da ƙannena, don haka abin da ya faru a ciki labari aka ba ni. Mota uku suka zo. An ce wata daga cikinsu, mai gwala-gwalai har gwiwar hannu, ta dubi tsakuwar tsakar gidan ta taɓe baki, kuma uwargida ta gani, har yau ba ta manta ba. Amma shugabar tawagar, gwaggon yaron, dattijuwa ce. Da ta iso bakin rumfa sai ta tsaya, ta tuɓe takalmi, ta taka daɓen da tafin ƙafa, ta ce a janye mata dardumar da aka shimfiɗa. Ta zauna a ƙasa ta shafa shi, ta ce, "Wa ya yi wannan?" Aka nuna Inna. Ashe ita ma a ƙauye ta tashi, kuma rabonta da daɓe tun ɗakin aurenta. An ce sai da aka tuna musu da akwatuna, don sun shiga hirar makubar wane gari ta fi kama ƙasa.

Da dare na ciro takardar rancen daga aljihun babbar riga na miƙa wa uwargida. Ta karanta, ta ninke, ta sa a ƙarƙashin katifa. Ta ce a bar ta a nan tukuna, sai an ga damina.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a watan Yuni, da tsakar dare. Na tashi na ɗauki tocila na tsaya a bakin ƙofa. Ruwan ya taru, ya yi ɗan jim kamar yana neman tsohon kwarinsa, sannan ya miƙe ya bi gangare ya fice ta rariya. Daɓen ya tsira, sai bakinsa na gabas inda feshi ke kaiwa, nan ya ɗan zaizaye kamar faɗin tafin hannu biyu. Inna ta ce haka yake, daɓe kamar kitso ne, duk shekara sai an sabunta. Bana uwargida da kanta ta aika ƙauye neman makuba, ita ta jagoranci gyaran, Inna na zaune a dakali tana ba da umarni. Amma ta kuma shiga wani adashi na matan layi, kuma ta gaya mini ƙarara cewa ranar da ta ɗauka, filin tsakiyar nan mai tsakuwa intalok za a sa masa, don ta gaji da tsintar ƙwayar shinkafa a cikin duwatsu. Ɗaukarta sai watan goma.